Yadda ake neman burbushin halittun da suka zama dutse a busasshen rafi, da yadda za ka gane abin da ka tsinta

Ranar da na fara tsintar haƙorin kifin shak a ƙasar Sakkwato, wurin da kafin ka ga teku sai ka kwana kana tafiya a mota, na fi minti goma a tsugune ina jujjuya shi a tafin hannuna. Ɗan mitsitsi ne, bai kai gaɓar ɗan yatsa ba, baƙi-baƙi mai sheƙi kamar an shafa masa mai, kuma wallahi bakinsa har yanzu da sauran kaifi. Ina nan tsugune sai ga wani dattijo ya biyo ta cikin rafin da jakinsa, ya tsaya a kaina ya ce "Mi kaka biɗa nan, ɗana? Zinari?" Na miƙe na gaishe shi, na ce Baba ba zinari ba ne, ga abin da nake nema. Ya karɓa ya duba ya yi murmushi, ya ce ai tun suna yara suna kiwo suke ganin irinsu, ya nuna min wata kwana can sama da sandarsa ya ce in je can sun fi yawa. Kuma haka na tarar.

To abin da nake so in shimfiɗa a nan shi ne yadda mutum zai yi wannan nema da kansa, ko bai taɓa shiga ajin ilimin duwatsu ba. Masana suna ce wa waɗannan abubuwa fosil, mu ce burbushin halittu, wato ƙashi ko haƙori ko ɓawon dodon koɗi ko itace da laka ta binne tun zamanin da ba a san farkonsa ba, ruwan ƙarƙashin ƙasa ya yi ta tsattsafa ma'adinai a cikinsa har ya koma dutse da siffarsa. Abu ɗaya nake so ka riƙe tun daga nan, don duk sauran bayanin a kansa ya ginu: rafi ɗan dako ne kawai, abin da ka tsinta a cikin yashi ba nan ne gidansa ba, ruwa ne ya ɓamɓaro shi daga wani wuri ya kawo, kuma aikinka shi ne ka gano wurin ka rubuta shi.

Ka fara sanin irin ƙasar da kake takawa

Nan ne yawancin mutane suke ɓata lokacinsu. Mutum yana Zariya ko Kaduna ko Gusau ko kudancin Katsina ko cikin Kano, ya ga hoto a Facebook ya ji sha'awa, ya kwashi jiki ya yini a rafin bayan gari bai samu komai ba, ya ce abin ƙarya ne. Ba ƙarya ba ne, wurin ne ba nasu ba. Duk tsakiyar Arewa har zuwa Jos tana zaune ne a kan tsoffin duwatsu masu tauri, irin giranet ɗin nan da ake fasawa a kwari ana kankare da shi, irin duwatsun Kufena da na Kwatarkwashi, waɗannan wuta da matsi na cikin ƙasa ne suka yi su, babu halittar da gawarta za ta tsira a ciki. Ko shekara za ka yi kana tono ba za ka samu ba.

Duwatsun da kake nema su ne waɗanda ruwa ya kwantar, laka kan laka, yashi kan yashi, shi ya sa in ka kalli gaɓar rafi za ka gan su hawa-hawa kamar an jera tabarmi. A wajenmu manyan wurare biyu ne. Na farko ƙasar Sakkwato da Kabi, ta miƙe har Tawa da duwatsun Adar a Nijar ta shiga Mali. Wajen shekara miliyan 70 da suka wuce wata teku marar zurfi ta ratso Sahara ta rufe wannan yanki, ta ja baya, ta sake dawowa, sai wajen shekara miliyan 56 ta tafi gaba ɗaya. Masana sun raɗa wa kowane hawa sunan garin da aka fi ganinsa, kuma sunayen namu ne: Taloka, Dukamaje, Wurno, Dange, Kalambaina, Gwandu. A hawan Dukamaje aka samo ƙasusuwan wani ƙaton ƙadangaren teku, wani masani ɗan Birtaniya mai suna Swinton ya fara bayaninsa a 1930, sannan a 1972 masana 'yan Italiya suka sa masa suna Goronyosaurus, daga Goronyo. Akwai kuma wani kada na da da aka sa wa Sokotosuchus a 1975. Farin dutsen Kalambaina kuwa da ake toyawa ana yin siminti, shi kansa yawancinsa ɓawon halittun teku ne da suka taru suka daskare, wato buhun simintin da ka gina ɗakinka da shi ƙasan teku ne aka niƙa. In ka taso daga Gusau ka nufi Sakkwato kana barin duwatsu masu tauri ne kana hawa kan waɗannan shimfiɗu, daga tsoho zuwa sabo.

Na biyu yankin Gongola, wajen Ashaka da Pindiga a jihar Gombe, inda ake samun ammonait, wasu halittun teku na da masu murɗaɗɗen ɓawo, masu shekara sama da miliyan 90. Zan zo kan siffarsu.

'Yan uwanmu na Nijar kam Allah Ya ba su, Gadoufaoua da ke cikin Tenere a jihar Agadas tana cikin manyan maƙabartun dainoso na duniya, wato dabbobin nan dangin ƙadangare da kada da suka ƙare tun zamanin da, can Bafaranshe Philippe Taquet ya tono Ouranosaurus, can aka samo ƙaton kadan nan Sarcosuchus, daga baya Paul Sereno na jami'ar Cikago ya fito da Suchomimus da Nigersaurus. Amma wannan ba wurin ɗan koyo ba ne, tafiyar hamada ce mai buƙatar izinin hukuma da 'yan rakiya. In kana Yamai ka shiga gidan tarihi na Boubou Hama ka cika idonka da ƙasusuwan, zai taimake ka ka san yadda ƙashin da ya zama dutse yake a ido.

Lokaci, izini da tsaro

Lokacin da ya fi shi ne bayan ɗaukewar ruwa, daga ƙarshen Oktoba zuwa Fabrairu. Damina ta riga ta yi maka aikin tono, ta zaizaye gaɓa ta zubo da sabbin abubuwa, kuma shanu ba su gama tattake su ba. In ka bari sai Afrilu, rana kaɗai ta ishe ka, zafin Sakkwato a bazara yana wuce digiri 40 kuma cikin rafi iska ba ta shiga. Da damina kuwa kar ka soma, ko a inda kake rana ake ƙwallawa, in hadari ya zubar can sama ruwa yana iya zuwa maka lokaci ɗaya a kwazazzabo marar mafita.

Ka fita da sassafe. Ba don sanyi kaɗai ba, hasken safe yana zuwa ne a karkace, kowane ɗan tudu yana yin inuwa, haƙori yana ƙyalli. Da rana ta take tsaka komai sai ya zama fari fat, ido ya gaji.

Kafin ka sa ƙafa a rafin ka je wajen mai unguwa ko dagaci ka yi gaisuwa ka faɗi abin da ya kawo ka, ka nuna hoto a waya in kana da shi. Wannan ba ladabi ba ne kawai. Baƙon da aka gani yana sunkuye da guduma yana cusa duwatsu a jaka, a wannan zamani na haƙar zinari da rashin tsaro, ba wanda zai ɗauka ilimi yake nema. Ka roƙi a haɗa ka da wani ɗan gari, ka sallame shi da abin da ya sawwaƙa, makiyaya da masu ɗiban yashi da matan da ke tsintar jibsam, wani ma'adini mai ƙyalli, suna sayarwa sun fi kowace taswira sanin inda abubuwan suke. Kuma dan Allah a ji wannan da kyau: wasu daga cikin wuraren da suka fi albarka a gabashin Sakkwato, wajen Goronyo da Wurno da Rabah, 'yan bindiga sun addabe su a shekarun nan. In mutanen gari suka ce kar ka shiga, kar ka shiga. Dutsen da ya yi shekara miliyan 60 yana jira zai jira ka zuwa lokacin da Allah Ya kawo lafiya. Kar ka je kai kaɗai, kuma ka bar wa wani a gida sunan ƙauyen da lokacin da za ka dawo.

Kayan aiki

Ba sai ka kashe kuɗi ba. Ruwan sha mai yawa, fiye da yadda kake zato. Takalmi rufaffe mai tauri, ban da silifas, saboda kububuwa da kunama suna son ƙarƙashin duwatsu, kuma duk dutsen da za ka juya ka fara tura shi da sanda, ka ɗaga shi ta yadda buɗewar za ta kalli gaba ba ƙafarka ba. Malfa. Tsohon buroshin haƙori da buroshin fenti. Ƙaramar wuƙa ko ƙusa babba. Rariya ta waya irin ta magina. Ledoji ƙanana, tsohuwar jarida, tishu, kwalin ashana ko robar magani da ta ƙare don ƙananan haƙora. Biro, alƙalamin maka, ɗan littafi, rula. Binega ko lemun tsami a 'yar kwalba. Waya da cikakken caji. Guduma da kurfi in kana da su, tare da tabarau don kare ido, amma a fitarka ta farko zan fi so ka bar gudumar a gida, mai guduma a hannu komai ya gani so yake ya fasa.

Yadda ake tafiya a cikin rafin

Da ka sauka kar ka fara neman komai tukuna. Ɗebi tsakuwa cikin hannu ka duba su wane iri ne. In duk farar ƙanƙara ce da guntayen giranet masu ƙyalƙyali, rafin daga duwatsu masu tauri ya fito, ka canja wuri. In ka ga farin dutse mai laushi, ko ɓallin laka mai launin toka da ke ɓarewa falle-falle kamar takarda, ko dunƙulen yashi mai ruwan ƙasa, to ka zo gida. Kankare farin dutsen da wuƙa ya yi gari ka ɗiga masa binega, in ya yi 'yar kumfa yana tsuwa dutsen siminti ne, irin wanda aka fi samun ɓawon halittu a ciki.

Sai ka fuskanci inda ruwa yake fitowa ka yi ta hawa, ba gangara ba. Tafiyar kuma ta hawainiya ce, taku biyu ka tsaya, ido a ƙasa kamar mai neman allurar da ta faɗi. Ruwa yana da wuraren da yake ajiye kaya masu nauyi: cikin kwana inda gudunsa yake raguwa ya tara tsakuwa, bayan babban dutse, gindin saiwar bishiya, ƙasan wani ɗan tsalle inda ya haƙa rami, da bakin inda ƙaramar ƙorama ta shigo babba. Yashi mai laushi zalla ka wuce shi da sauri. Inda tsakuwa ta taru kuwa ka durƙusa, gwiwa a ƙasa, ka zana murabba'i da sanda kamar faɗin tabarmar sallah ka bi shi kaf kafin ka matsa. A tsaye ba za ka ga ƙananan haƙora ba ko kana da idon shaho. In wurin ya nuna alama, ɗebi tsakuwar ka tankaɗe a rariya ka baza abin da ya rage a kan farin buhu.

Me idonka zai nema? Ba dabba za ka nema ba, tsari za ka nema. Dutsen banza ba shi da tsari, amma halitta tana da shi: gefe biyu da suka yi daidai da juna, layuka da suka jeru a tsare, murɗi, da'ira, tsini mai santsi, sheƙi irin na haƙori. Rabin awar farko ba za ka ga komai ba, kar ka karaya, da ka tsinci na farko ido zai kama hoton, sai ka ga ashe tun ɗazu kana taka su.

Yanzu ga inda ɗan dakon nan yake tona asirin kansa. Duba abin da ka tsinta, in gefunansa sun goge sun yi mulmul, ya sha tafiya, gidansa yana da nisa. In da kaifinsa, ko ma da sauran laka manne a jikinsa, gidan yana kusa, kuma launin lakar zai gaya maka wane hawa za ka nema. Ci gaba da hawa kana lura, za ka ga suna ƙaruwa suna ƙara girma, sai kwatsam ka wuce wani wuri su ɗauke ɗif. To ka dawo baya kaɗan ka ɗaga kai ka kalli gaɓa hagu da dama, daga nan suke zubowa. Bi hawa-hawan da ido daga ƙasa zuwa sama har ka ga layin da guntaye suke leƙowa. Ranar da ka fara gano layi da kanka ta wannan hanya, daɗin ya fi na tsintar haƙori ɗari.

Amma kar ka shiga ƙarƙashin gaɓar da ta yi rumfa, kar kuma ka rarake gindinta. Kowa ya san labarin masu haƙar yashi da ƙasa ta rufta wa. Abin da ya faɗo ƙasa ya ishe ka.

Kafin ka ɗauka

Wannan matakin shi ne wanda na fi jin ciwon tsallake shi. A farkon fara nemana na yi fita uku a rafuka daban-daban, na zuba komai a leda ɗaya, na kai wa wani malamin jami'a ina ta murna. Ya zazzage a tebur ya ware wani guntun ƙashin baya ya daɗe yana kallo, ya ce "Malam, wannan daga ina?" Na ce ranka ya daɗe, ko dai rafin farko ko na uku. Ya ajiye shi a hankali ya ce to ai shikenan, yanzu abin ado ne. Har yau guntun yana nan a wajena kuma har yau ban san inda zan koma in nemi sauran jikin dabbar ba.

Saboda haka kafin ka taɓa abu ka ɗauke shi hoto a inda yake kwance, da rula ko biro a gefensa don a san girmansa. Ja baya ka ɗauki hoton wurin gaba ɗaya har da gaɓar. Buɗe taswirar waya ka danna inda kake ka kwafi lambobin GPS, wannan yana aiki ko babu sabis. Rubuta a littafi: kwanan wata, sunan ƙauye da na rafin yadda mutanen wurin suke kiransa, a yashe ka same shi ko a manne cikin gaɓa, in a gaɓa ne wane launi ne hawan kuma kamu nawa ne daga ƙasa. Ba shi lamba, rubuta lambar a 'yar takarda ka sa cikin ledar tare da shi. Kowane wuri da ledarsa. Nannaɗe shi da tishu sannan jarida, masu nauyi a ƙasan jaka.

In kuwa ka ga ƙasusuwa da yawa a jere cikin dutse, kamar ƙashin baya a layi ko muƙamuƙi da haƙoransa, cire hannunka. Wannan ba na tsinta ba ne, fitar da shi aikin kwanaki ne da filasta irin ta ɗorin karaya da gam na musamman, in ka ce za ka ɓamɓare da guduma gari zai zama a hannunka. Hoto, lambobi, ka ɗan rufe shi da yashi, ka nemi masana.

To me na tsinta?

Haƙori shi ya fi sauƙin ganewa saboda sheƙin jikinsa. Na shak falle ne mai kusurwa uku ko siriri mai tsini, da saiwa mai kauri marar sheƙi a gindi, wani lokaci da 'yan ƙananan tsinaye a gefe. Na kada da na ƙadangaren teku zagayayye ne kamar ƙaramin ƙahon akuya, sau da yawa da siraran layuka daga gindi zuwa tsini. Akwai kuma wasu 'yan sanduna shafaffu masu santsi a sama, ƙasansu da tsaga-tsaga kamar matajin kai, waɗannan haƙoran wani faffaɗan kifi ne ɗan uwan shak da yake murƙushe ƙumba da su, ana samunsu a lakar Dange.

Ƙashin bayan kifi kamar ƙaramin kalangu yake, zagayayye, ya lotsa ciki ta fuska biyu. Ɓawon kififiya falle ne mai kauri da 'yan tsagogi a sama inda ɓangarori suka haɗu. Fatar bayan kada tana da ƙashi a ciki, shafaffe mai ramuka-ramuka a fuska ɗaya kamar tandar waina.

A farin dutse irin na Kalambaina abin da za ka fi gani shi ne ƙumba da katantanwa, yawanci ɓawon ya narke sai cikon lakar da ta ɗauki siffarsa. In ka ga wani abu kamar masa, a bayansa an zana fure mai kunne biyar, wannan bushiyar teku ce, kuma a ganina babu abin da ya kai ta kyau a duk abin da ake tsinta a yankin. Mai murɗi kamar gammo ko ƙahon rago kuwa, a Gombe ammonait ne, in ka duba jikinsa da kyau za ka ga zane mai lanƙwashe-lanƙwashe kamar ganye inda ɗakunan cikinsa suka haɗu. Ammonait sun ƙare tare da dainoso shekara miliyan 66 da suka wuce, dutsen Kalambaina kuma bayan nan ya kwanta, saboda haka in ka tsinci mai murɗi a cikinsa ba ammonait ba ne, ɗan uwansa ne notilus, shi layukansa a sake suke ba yamutsi. Ka ga amfanin sanin hawan da abu ya fito ke nan, shi ne yake yanke hukunci.

Itacen da ya zama dutse kamar guntun itacen girki yake, da zaren jikinsa da komai, sai ka ɗaga ka ji nauyi, kuma wuƙa ba ta kankare shi, ita ce ma za ta bar masa layin ƙarfe. Akwai kuma kashin dabbobi, da k marar lanƙwasa nake nufi, bayan gida, shi ma yana zama dutse, dunƙule mai murɗi ko mai kama da ɗan yatsa, wani lokaci da ƙayar kifi a ciki. Ba ya wari, kuma masana suna ji da shi don yana nuna abin da dabbar ta ci.

Babbar tambaya ita ce ta ƙashi: na da ne ko na saniyar da ta mutu bara? Rafi cike yake da ƙashin dabbobin yanzu. Na yanzu ba shi da nauyi, fari ne ko ruwan madara, yana tsagewa a tsaye, in ka ƙwanƙwasa shi ƙarar a dushe take, in ka kara masa wutar ashana a gefe zai yi ƙaurin gashi. Wanda ya zama dutse yana da nauyin da ya fi girmansa, launinsa ruwan ƙasa ne ko baƙi ko toka, yana ƙara kamar tangaran, wuta ba ta sa shi wari. Sannan don ka bambanta shi da dutsen banza duba inda ya karye, ƙashi yana da 'yan ƙofofi a ciki kamar soso da ɓawo mai santsi a waje. Wasu suna ɗora harshe su ji ko zai ɗan manne, ni dai na fi son in jiƙa ɗan yatsa in taɓa, rafin da dabbobi suke bi ba wurin lasa ba ne.

Masu yaudara suna da yawa. Marmara tana yin ƙwallaye da bututu da siffofi kala-kala, har ka rantse ƙwai ne ko ƙashi. Dunƙulen laka mai tauri zagayayye shi ne kowa yake kawowa ya ce ƙwan dainoso, kusan kullum ba shi ba ne, ƙwai na gaske yana da siririn ɓawo daban a waje. Wani baƙin zane kamar reshen bishiya a kan dutse ba ganye ba ne, ma'adini ne ya bi tsaga. Jibsam yana ƙyalli kamar gilashi amma farce yana kankare shi. Kashin maƙera baƙi ne mai kumfa-kumfa. Shi da tsingaro da gatarin aradu aikin hannun mutanen da ne, ba burbushin halitta ba, kayan tarihi ne da suke ƙarƙashin Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa bisa dokar 1979, ka ɗauki hoto ka sanar da su. In kuma ƙashin ya yi kama da na mutum, ruwa yakan yanki tsohuwar maƙabarta, kar ka taɓa, ka koma ka gaya wa mai unguwa.

In ka dawo gida

Kar ka juye komai a bokitin ruwa. Haƙora da itace da abin da yake cikin farin dutse mai tauri za su jure wanki da buroshin haƙori, amma duk abin da ya fito daga laka mai falle-falle in ya sha ruwa kumbura zai yi ya wargaje, shi a bushe ake goge shi, da buroshi da tsinken sakace, kaɗan-kaɗan. Ruwan batir kar ya kusanci kayanka. Binega ma na gwaji ne a gefen dutse, in ka jiƙa ƙumba a ciki cinye ta zai yi. Kar ka shafa man gyaɗa ko banish don ya yi sheƙi, yana rufe ƙananan alamomin da ake gane jinsi da su. In abu ya karye biyu ka ajiye guntayen tare a leda ɗaya, in dole sai ka liƙa to ɗan farin gam na kafinta.

Ɗiga ɗan farin fenti a gefen da ba shi da muhimmanci, in ya bushe ka rubuta lambar nan ta littafinka. Littafin ma ka ɗauki hoton kowane shafi ka ajiye a waya da imel.

Sai neman wanda ya fi ka sani. Sashen ilimin duwatsu na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, na Ahmadu Bello a Zariya, Hukumar Binciken Ma'adinai ta Ƙasa, a Nijar kuma Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai. In za ka tura hoto a WhatsApp ko wani zaure na masu wannan sha'awa, ka ɗauka a hasken rana a inuwa, a kan farar takarda, da rula, ta sama da ta ƙasa da ta gefe da kuma inda ya karye, ka faɗi yankin da irin dutsen. Ainihin lambobin wurin kuwa masani kaɗai za ka ba, in ka watsa su a fili wata biyu ya yi yawa ka koma ka tarar an rarake gaɓar da diga.

Za a zo maka da maganar saye, musamman in an ji kana da haƙora masu kyau. Ni ba na sayarwa kuma ba na ba kowa shawarar ya sayar, abin da ya shiga hannun dillali sunan rafinsa ya ɓace ke nan har abada, kuma fitar da irin waɗannan kaya waje ba tare da takardar hukuma ba yana iya jefa ka cikin matsala a Nijeriya da Nijar duka. Na gama-gari irin ƙumba da ƙananan haƙora ka ɗauki kaɗan ka bar saura, ka kai wasu makarantar firamaren ƙauyen da ka samo su, ka sa wa yaran a hannu ka gaya musu teku ta taɓa kwanciya a inda suke noman gero. Wanda ya fita daban kuma ka miƙa shi jami'a da kwafin shafin littafinka.

Kwanar da ta ba ka abu bana ka sa mata alama a taswira. Baɗi in ruwa ya ɗauke, sati biyu ko uku bayan rafin ya bushe, ita za ka fara komawa, da tsohon hotonta a waya don ka ga inda gaɓar ta sake zubewa.